Jar Motar Kanar a Hanyar Dabai

Ku da kuka koyi cusa kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ku danna, ta rubuto muku abin da ya lalace, gani kuke kanikanci ya zama wasa. Ran nan na ji ɗayanku yana cewa wata shida ya ishi mutum ya ƙware. To madalla. Ni Bitrus, shekara arba'in da 'yan kai ina sauke giyabos ina ɗaurawa a wannan gareji na bakin hanyar Dabai, har yau in an kawo mota sai na tsaya na saurare ta tukuna. Ku jawo benci, in ba ku labarin wancan ƙonannen faifan kuloci da ke rataye a ƙusa, wanda kullum kuke tambaya me ya hana ni ba 'yan jari-bola.

Shekara bakwai na yi a hannun ogana, Baba Noma, daidai shekarun da iyayenmu ke yi suna noman golmo a gonar surukai. Su in sun gama a ba su mata, ni da na gama akwatin sufana aka ba ni, shi ma lamba goma sha uku ta ɓace a ciki. Baba Noma yana da wata doguwar sukundireba, yakan ɗora bakinta a jikin giyabos, ya kara ƙotar a kunnena, ya ce in faɗi haƙorin da ke kuka. In na yi kuskure, ƙotar nan ce za ta sauka a ƙeyata. Amma abin da ya fi ba ni dariya a lokacin shi ne, in direba ya kawo mota da ƙorafin kuloci, Baba Noma ba ya fara duba mota. Takalmin direban na hagu yake cewa a miƙo masa. In ya ga tafin ya cinye ta gaba, sai ya ce, "Kai ne ciwon, ba mota ba. Ƙafarka kwana take a kan kuloci." Direba ya yi ta rantsuwa, Baba Noma ya mayar masa da takalminsa ya ce ya je ya ci gaba da rantsewa.

Motar da nake so in ba ku labarinta ta zo ne a shekarar da hanyoyi suka ɓaci saboda rashin tsaro. Kun dai san lokacin. Manoman Dirin Daji da na Mahuta da ke kawo mini akori-kurarsu bayan kaka suka ɗauke ƙafa, wasu ma sun bar gonakin. Mu yini a gareji muna korar ƙuda, ni da maƙwabcina Alhaji Umaru mai gyaran wayar mota, mutumin Argungu, wanda muka shekara ashirin muna raba inuwar bedi ɗaya. Abin da ya rage mini a shekarar nan suna ne kawai. A Zuru in aka ce giya, sai a ce a kai wa Bitrus, ba ya sa kayan jabu.

Wata Talata da hantsi sai ga babbar mota ta tsaya, a bayanta an ɗauro wata jar aba, gajeriya, shimfiɗaɗɗiya, da ƙyar ta kai ƙuguna. Mai ita ya biyo baya a kan babur. Wani Kanar ne mai ritaya, ɗan garin nan. Kun san Zuru, ko dutse ka jefa sama a kan tsohon soja zai sauko. Ɗansa da ke Turai ne ya ji yana yawan zancen irin motar tun yana ƙaramin hafsa, ya samo masa ta hannu, ta shekara kusan ashirin, ya aiko. Wata biyu ta yi a hannunsa ta ƙi tafiya.

Alhaji Umaru ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ciki, ya ɗago ya ce, "Bitrus, wagga ba mota ta ba, ƙadangare na. Kuma ina kuloci yat tahi? Birki da totur ɗai nig gani."

Kanar ya ce, "Otomatik ce, Alhaji. Ba ta da kuloci."

Ni kuwa na riga na sunkuya ta baya, inda injinta yake, hancina kuma ya gaya mini wani abu dabam. Ƙaurin kuloci ba ya ɓuya, kamar an ƙona gashin akuya da tsohuwar taya ne. Na buɗe ƙofar direba, sai na ji wani famfo yana kuka a hankali, zuuu, ya yi shiru. Na rufe, na sake buɗewa, ya sake yi. Alhaji ya ja da baya yana ta'awizi.

Kwana uku na yi ina bin motar nan da ido kafin in taɓa ko noti ɗaya, sannan na gane kanta. Ba otomatik ba ce irin wadda kuka sani, mai tafiya da mai, wadda za ka saki birki ta riƙa silalawa yini guda ba abin da ya dame ta. Giyar hannu ce sak, da haƙoranta da faifan kulocinta, irin na akori-kura. An dai cire wa direba feda ne, aka ba wani famfo da kwamfuta aikin ƙafarsa ta hagu. Famfon yana tara ƙarfin mai a cikin wata 'yar tukunya, kukan da na ji kenan. A bayan sitiyari akwai 'yan fikafikai biyu, ka ja na dama giya ta hau, ka ja na hagu ta sauka, ka ja su tare ta koma firi. In batir ya yi sanyi, famfo ba zai tara ƙarfi ba, sai ta maƙale a giya ko da sarki ne a ciki. Na gaya wa Kanar kulocinsa ya ƙare. Ya ce motar da ba ta da kuloci? Na ce tana da shi, ɓoye masa aka yi.

Sai da aka yi mako shida sabon faifai ya iso daga Legas. Na sauke bamba, na sauke salansa, na zaro giyabos ta baya da jak biyu da katako, ina yi ina addu'a, don notin motar nan ɗaya in ya ɓace ba mai shi daga nan har Kwantagora. Da na gama ɗaurawa, aka kira wani mai kwamfuta daga Kaduna, ya nuna wa motar daidai inda sabon kulocin ke fara kamawa. Wannan kam ban iya ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Kwamfuta tana da ranarta.

Ni na fita gwaji da ita, kuma ba zan manta ba. A cikin gari ba ta da daɗi ko kaɗan. In ka bar ta ta canja giya da kanta, sai ta yi jinkiri, kanka ya yi gaba, sannan ta fizge ka baya, ka yi ta gyaɗa kai kamar mai gyangyaɗi a wa'azi. Kowace kunya da aka yi a kan titi don rage gudu sai ka hau ta a karkace, kana jin cikinta na shafar ƙasa. Amma da na fita gari na samu kwalta mai kyau, na taka, na ja fiffiken dama, sai na ji duka a gadon bayana kamar jaki ya harbi kujera, injin yana ihu a ƙeyata, itatuwa suna wucewa. Na yi dariya ni kaɗai kamar wawa. A nan na gano cewa in ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur a daidai lokacin da kake jan fiffike, yadda za ka yi a giyar hannu, sai ta shiga sumul. Na koya wa Kanar wannan, ya ji daɗi, ya yi ta gaya wa mutane cewa abin da ya gagari Legas, Bitrus ya gyara a Zuru. Aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan.

Wata huɗu cif, ranar kasuwa, sai ga jar mota an turo ta da hannu, tsofaffin sojoji huɗu suna haki a bayanta. Gareji cike da mutane. Kanar bai ko yi sallama ba.

"Bitrus! Ka sa mini jabu. Ka ɓoye na kirkin, ka ɗaura mini tsohon faifai. Mota mai tafiya daga gida zuwa coci, daga coci zuwa Dabai, ita ce za ta cinye kuloci a wata huɗu? Ban taɓa wuce giya ta biyu da ita ba!"

Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri a bari in buɗe."

"Buɗe ka ga abin da ka sa!"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Kafin la'asar zance ya gama kasuwa. Wani manomi daga Mahuta da ya bar mini akori-kurarsa, na riga na kwance ta rabi, ya zo ya ce a mayar masa da kayansa yadda suke, ya ja ta da igiya zuwa wani gareji. Ranar Lahadi a coci, mutanen da muke zama benci ɗaya suka riƙa gaishe ni a gajarce. A shekara irin waccan, in sunan nan ya tafi, rufe gareji kawai ya rage.

Na buɗe. Faifan da na sa ne, da lambarsa, ga kwalinsa na ajiye. Amma ya ƙone ƙurmus, ƙarfen da yake mannewa a kai ya yi shuɗi saboda zafi. Na auna famfo, lafiya. Na duba tukunyar mai, lafiya. Ba yoyo ko ɗigo. Alhaji Umaru ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Dut lahiya lau suke." Mai kwamfuta ya sake zuwa daga Kaduna, ya danna ya danna, ya ce kwamfuta ta ce kuloci ya ƙare. Na ce masa sannu da ƙoƙari, wannan ko akuyar gidanmu ta shinshino. Abin da ya cinye shi nake nema, kwamfuta kuma ba ta da ta cewa.

Alhaji ne ya tuna mini. Muna zaune a gindin bedi ya ce, "Kai da kac ce ogan naka takalmi shika dubawa, kai mi kad duba?" Na ce motar ba feda, takalmi zai gaya mini me? Ya ce, "To ka tahi ka ga ƙahwar da idonka mana." Shekara talatin ina ba mutane labarin takalmin Baba Noma suna dariya, ranar da nake bukatarsa na manta.

Faifai na biyu Kanar da kansa ya sa ɗansa ya aiko, ya kawo shi a ƙarƙashin hammata, ya sa aka ajiye masa kujera a bakin rami. Kwana uku yana zaune da lema yana gadina, ko fitsari zai je sai ya tafi da kwalin. Da aka gama na ce ina da sharaɗi ɗaya, fitar farko da zai yi, ina kujerar gefe. Ya ce in zo, ranar Lahadi bayan coci zai je Dabai gaida goggonsa, ƙanwar mahaifinsa da ta goye shi.

Mun fito daga harabar coci, ba mu yi taku hamsin ba sai ga wani tsoho da sanda. Kanar ya sauke gilashi, ya rage tafiya daidai tafiyar tsohon, ƙafarsa tana ɗan shafar totur.

"Baba, ina kwana? Ya ƙafar? Ya su Mama? An samu ruwa wajenku?"

Tsoho yana tafiya yana amsawa, mota tana binsa a gefe kamar tunkiya. Ni kuwa ina jin kulocin a cikin haƙorana, bai kama ba, bai saki ba, yana ta guga. Muka rabu da tsoho, sai ga wani tsohon saje ya ƙame ya sara, aka sake sabon lale. Daga shi sai matan zumunta su shida, kowace da tata gaisuwar. Sai mai nama. Sai wani malamin makaranta da ya koyar da Kanar a aji uku. Ba ya tsayawa, don yana ganin in ya tsaya ya tare hanya, ba ya kuma wucewa, don wa zai wuce na gaba da shi a guje? Motar da aka ƙera don ta yi tsere da iska, ga ta tana rakiyar masu sanda.

Can sai wani abu ya fara ƙara a gaban sitiyari, ƙit, ƙit, ƙit. Na ce, "Yallaɓai, wannan fa?" Ya ce, "Rabu da ita, haka take yi kullum, bel take so in ɗaura." Ya ƙara muryar rediyo. Ƙauri ya fara shigowa, ya ja hanci ya ce mutanen garin nan ba sa gajiya da ƙona shara.

A ɗan hawan da ke kafin shiga Dabai muka haɗu da wani dattijo a kan keke. Nan Kanar ya riƙe motar a tsakiyar hawa da totur kaɗai, ba birki, ba ta gaba ba ta baya, suka shiga zancen dawa da tsadar taki. Na daure, na daure, na ga faifai na biyu zai bi na farko ina kallo. Na miƙa hannu na ja fikafikan nan biyu tare, na ja birkin hannu, na kashe mota.

"Kai, Bitrus! Lafiyarka?"

"Yallaɓai, fito ka shinshina bayan motarka."

Ya fito da ƙyar, ya sunkuya, ya ɗago yana tari. Na ce masa ƙarar nan ba ta bel ba ce, kuka take tana cewa kulocinta ya yi zafi. Na kwatanta masa da akori-kura, na ce in direba ya taka kuloci rabi ya bi tsoho a hankali daga Zuru zuwa Dabai, kwana nawa faifan zai yi? Ya ce ai wannan direban korarsa za a yi. Na ce to abin da motar nan ke yi kenan a ɓoye duk lokacin da yake gaisuwa. Ita abu biyu ta sani, ko tafiya sosai, ko tsayuwa cak a firi.

Ya ce, a hankali wannan karon, "To so kake in riƙa wuce iyayena fuu, ina ɗaga musu hannu? A ce Dudu ya yi mota ya manta wanda ya goye shi? Gara ta ƙone sau goma."

Dudu sunansa ne na gida, ban taɓa jin ya faɗe shi ba sai ranar. Na ji tausayinsa, don gaskiyarsa ce, a garin nan wanda ya wuce babba ba gaisuwa ya gama yawo. Na ce, "Ba wanda ya ce ka wuce, Yallaɓai. Ka gangara gefe, ka ja fikafikai biyu, ka fito ka gaishe su." Ya dubi motar, ya dubi gwiwoyinsa, ya ce in san cewa fita daga cikin abin nan kamar fita daga rijiya ne. Dattijon mai keke, da yake tsaye yana jinmu, ya ce ai gwiwar soja ce, za ta iya.

Muka jira ta huce. Daga nan zuwa ƙofar gidan goggo sau huɗu ya tsaya, sau huɗu ya fito yana nishi yana dafa ƙofa. Goggon tana zaune a gindin mangwaro a bakin hanya tana ɓarar gyaɗa. Ashe da ma ta taga yake gaishe ta, ya silale ya shige gida wajen maza. Ranar ya tsaya, ya fito, ya durƙusa. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Dudu, ashe kana da ƙafafu? Na ɗauka a wajen yaƙi ka baro su." Ta kama kansa tana dariya, ta cika masa aljihu da gyaɗa. Da muka dawo, ya sauke ni a gareji ya wuce.

Ranar kasuwa ta zagayo, gareji ba kowa sai ni da Alhaji Umaru da masu shan inuwa. Sai muka ji kukan jar mota daga nesa. Ta zo daidai gareji, ta gangara gefe, na ji ta faɗa firi, aka kashe. Kanar ya fito, hannu a gwiwa. Bai aiko a kira ni ba yadda ya saba. Ya tako har bakin rami inda nake, ya cire hula.

"Oga Bitrus, ina wuni? Ya aiki? Ya iyali?"

Na amsa. Sai ya juya wajen titi, ya ɗaga muryar nan tasa ta fareti, har masu wucewa suka tsaya. Ya ce a nan ya tsaya ya ce Bitrus ya sa masa jabu, to a nan ya dawo ya ce ƙarya ya yi. Ya ce shi ya ƙona kulocinsa da kansa, kowa ya je ya faɗa a kasuwa yadda aka kai na farkon. Ya ɗauki ƙonannen faifan daga ƙasa, ya nemi ƙusa, ya rataye shi da hannunsa, ya ce kada in kuskura in sauke.

Alhaji Umaru ya ce, "Ranka shi daɗe, yanzu awa nawa kaka yi zuwa Dabai?" Kanar ya ce da minti arba'in ne, yanzu in ya fita bayan coci sai la'asar, kuma tumbinsa ya ragu.

Mako bai cika ba manomin Mahuta ya dawo da akori-kurarsa a kan igiya, giyabos ɗin a cikin buhu, ya ce wancan garejin sun kasa haɗawa. Na ce ya sauke, amma ya fara miƙo mini takalminsa na hagu.

Faifai na biyun nan shi ne a cikin jar motar har yau, shekara ta shida kenan. In kun ga ta a gefen hanya ƙofa a buɗe, ba lalacewa ta yi ba, kada wani ya ɗauko kwamfuta ya ruga. Ku duba gaba kaɗan, za ku ga Kanar a durƙushe gaban wata tsohuwa.